Laifin kwal ne ko laifin ragar murhu?

A bayan ɗakin girkinmu a nan Tawa akwai wani murhun ƙarfe da ya yi shekara biyu kaji na kwana a cikinsa. Ni na sayo shi, lokacin da na ƙudurta cewa gidana zai bar itace ya koma kwal, wato gawayin ƙasa da ake kawowa daga Cirozerin. Kwana tara uwargida ta yi tana fama da shi. Ran na goma na dawo daga lekwal na tarar ta jera duwatsunta uku, har ta yi talge. Da na tambaya sai ta ce: "Malam, wannan abin naka sai hannu ya gaji da fifita kafin ya kama, in ya kama kuma ruwa bai tafasa ba ya mutu. In kana son cin tuwo kafin isha'i ka bar ni da icena."

Na ɗora wa kwal laifi, kamar yadda nake jin maƙwabta na yi. Sai bara, da kuɗin itace ya ishe ni, na ɗauki murhun na kai wa wani tsohon maƙeri a kasuwa don in ji ko zai gyaru. Bai ko tambaye ni abin da ya faru ba. Ya kife shi, ya dubi farantin nan mai huda-huda da gawayi ke zama a kansa, wanda zan kira raga, ya yi dariya ya ce: "Mushe, ai wutar nan ba a yi mata hanci ba." Hudojin ƙanana ne kamar an yi su da ƙusa, ba su da yawa, kuma ragar ta kusa taɓa gindin murhun, tokar girki ɗaya ta isa ta cike tsakaninsu. Ya buɗa hudojin har ɗan yatsa na shiga, ya ɗaga ragar, ya yanka ƙofa a ƙasa ya sa mata marfi mai zamewa. Da wannan murhun ake dafa mana wake yau.

Abin da ya ba ni kunya shi ne ni malamin kimiyya ne a kwalej. Na yi shekaru ina kifa kofin gilas a kan kyandir a gaban yara, wutar ta mutu, in rubuta a allo cewa ba a ƙonewa sai da iskar oksijin, su kwafa, su ci jarrabawa. Ban taɓa leƙa ƙarƙashin murhun gidana ba. Ra'ayina ke nan, kuma da shi nake tunkarar malamai ƴan uwana da iyayen yara: darasin ƙonewa da muke koyarwa bai cika ba in yaro ya fito bai iya duban ragar murhu ya ce wannan ta yi, wannan ba ta yi ba.

Bari in ɗan yi aikina na malami. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Saboda haka wuta na da cin iska fiye da yadda muke zato. Kilo ɗaya na gawayi mai kyau, kafin ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar iska kusan lita 8,000, wato tano 40 irin mai cin lita 200. Duk wannan iskar ta ina za ta bi? Gawayi da kwal ba sa ci da harshe kamar itace, a jikinsu suke ci, sai iska ta taɓa su. Iska mai zafi tana tashi sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. In akwai raga mai hudoji isassu, da fili a ƙarƙashinta, wutar da kanta take jan iskarta ta ratsa tsakanin garwashi, toka kuma ta zube ƙasa ta ba da wuri. In babu, sai mahuci. Duk macen da ka gani tana fifita murhu tun daga kunnawa har saukewa, aikin da maƙeri bai yi ba take biya da hannunta.

Kwal ya fi gawayin itace tsanani a nan. Yana da nauyi, yana da wuyar kamawa, kuma na Anu Araren yana da toka mai yawa, ko bayan kamfanin SNCC ya gasa shi don amfanin gida. Ragar da za ta wadatar da gawayin shayi ba za ta wadatar da shi ba, domin tun girki bai yi nisa ba tokarsa ta toshe ƙananan hudoji. Wanda ya zuba kwal a furnon da aka ƙera don gawayi, ya ga bai ci ba, ya ce kwal ba shi da kyau, bai yi wa kwal adalci ba. Ni ma haka na yi.

Kada kuma a ɗauka maganin shi ne a yi ta huda. Na ga murhun da ragarsa sandunan rodi ne guda huɗu, hannu na iya wucewa ta tsakaninsu. Ƙananan garwashi na zubewa tun ba su gama ci ba, iska na shiga fiye da kima, wutar ta yi ta ruri ta cinye gawayi cikin ɗan lokaci, yawancin zafin kuma ya bi iska ya wuce ta gefen tukunya. Iskar da ta wuce buƙata sanyaya wuta take yi. Shi ya sa ƙofar nan mai marfi ta fi komai burge ni a gyaran tsohon. A buɗe ta duka lokacin kunnawa da tafasa ruwa, a rage ta in an zo sulala ko dahuwar wake, wadda ba ta son wuta mai ƙarfi sai mai daɗewa. Maƙeri na yin haka da zugazuginsa tun kaka da kakanni, ya san lokacin da zai zuga da lokacin da zai saki. Abin da bai saba yi ba shi ne ya bar wa mai girki hanyar yin hakan da kanta.

Itace kuma nasa daban ne. In ya yi zafi yana fitar da wani tururi, shi ne ke kamawa ya zama harshen wuta, kuma mafi yawan abin da ke cikin busasshen itace ta wannan hanyar yake ƙonewa. Hayaƙin da ke sa mata hawaye makamashi ne da bai sami iska da zafin da zai ci ba. Don haka itace na son iska ta ƙasa, yana kuma son wata a sama inda harshen yake, da ɗan fili tsakaninsa da gindin tukunya. Raga a ƙarƙashin itace na ɗaga shi daga toka, iska ta bi ta cikin garwashi ta yi zafi kafin ta kai ga harshen.

Da asarar kuɗi ce kaɗai da ban rubuta wannan ba. In gawayi ya ci ba da isasshiyar iska ba, maimakon iskar da ya saba fitarwa sai ya fitar da kabon monoksaid. Zafin da ake samu a irin wannan cin bai kai kashi ɗaya bisa uku na cikakken ci ba, sauran ya tafi a banza. Ita kuwa wannan iskar ba ta da launi, ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Kowa ya san ɗarin Adar a watan Disamba da Janairu, musamman in aka nausa arewa wajen Abalak da Cintabaraden, kuma kowa ya san abin da muke yi: a shigo da garwashi ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a kwanta da yara. Ciwon kai da jiri da amai da ake tashi da su da safe, a ce sanyi ne ko iska, sau da yawa wannan ne. Wani ba ya tashi. A nan dole in faɗi gaskiya ko da ta rage wa maganata ƙarfi: raga mai kyau tana rage wannan guba, ba ta kawar da ita. Ko wane irin murhu ne, ba a kwana da garwashi a ɗaki rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar.

Ba yau Nijar ta fara wannan magana ba. Bayan farin 1984 an yi ta yaɗa murhun zamani, na ƙarfe da aka sa wa suna Mai Sauƙi, da na laka da ake kira Albarka. A shekarar ce aka fara aikin Keita da taimakon Italiya da hukumar FAO, iyayenmu mata suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da fako, aka dasa itatuwa miliyoyi. Tun 1975 kuma ake jera dogon yaro a kwarin Magiya don tare iska. Wato mun san wahalar da ake sha kafin itace ɗaya ya girma a ƙasar nan. Amma sirrin Mai Sauƙi awo ne, kowace lambar tukunya da murhunta, tazarar da ke tsakanin tukunya da bangon murhu ƴar kaɗan ce don zafi ya lashi jikinta. Da masu aikin suka naɗe tabarmarsu, abin da na gani a kasuwa shi ne siffar ta zauna, awon ya tafi. Maƙeri na kwaikwayon abin da ido ya gani, mai saye na neman mai araha, babu ɗayansu da aka gaya wa dalilin awon. A Kenya, murhun gawayin nan da suke kira jiko, mai laka a ciki da hudoji a gindin lakar da ƙofa a ƙasa, an fito da shi a farkon shekarun 1980 kuma har yau ana sayensa a birane, domin ya zama sana'ar masu ginin tukwane da maƙeran gari.

Yanzu ga Salkadamna a gefenmu, cikin ƙasar Takanamat, arewa maso yamma da Tawa. An aza harsashin aikin kwal ɗinta tun 2014, har yau muna jira. In Allah ya sa ya tabbata, kwal zai yi kusa da mu fiye da na Agadas. Tsorona shi ne ya iso ya tarar da irin murhuna na farko a kowane gida, mata su gwada kwana tara su koma ga itace, a ce mutanen Adar ba sa son canji.

Na san abin da za a ce mini. Wani zai ce ai zamanin gas ne, tunda matatar Zinder ta fara aiki a 2011, me ya kai mu gyaran murhu? Ina da gas a gidana kuma ina son sa. Amma a tambayi mai dafa wa mutum ashirin tuwo, ko mai abincin kantin na lekwal a ƙauye, ko matar da sai ta yi tafiyar yini kafin ta sami inda ake cika kwalba. Itace da gawayi na nan tare da mu shekaru masu yawa. Wani kuma zai ce mata sun fi mu sanin wuta, kuma wannan gaskiya ce. Uwargida ta san ta juya bakin murhu wajen iska, ta san ta janye itace in tukunya ta tafasa, ba ta karanta a littafi ba. Abin da ba ya hannunta shi ne abin da aka yanka a maƙera. In ɗiyarta ta san dalili, ita ce za ta tsaya a kasuwa ta ce a ƙara huda, a ɗaga raga, a sa marfi.

Malamai kuma za su ce manhaja ta cika, ba kayan gwaji. Ba sabon darasi nake nema ba, wanda ke nan nake so a fitar da shi tsakar lekwal. Na gwada da ajina a bana. Manyan gwangwanayen tumatir uku muka samu, muka yi wa kowanne raga da murfin gwangwani: ta farko huda kaɗan, ta biyu matsakaiciya, ta uku kusan duk rami. Gawayi awo ɗaya, ruwa awo ɗaya, tukunya iri ɗaya, a fili inda iska ke wucewa. Yara suka riƙe agogo, suka auna abin da ya rage na gawayi. Kafin a kunna kusan dukansu sun ce mai manyan ramuka zai ci gasar. Shi ya fara tafasa ruwa, shi ya fara mutuwa. Gardamar da ta biyo baya, kan wanne ya fi tsakanin saurin tafasa da ragowar gawayi, ban taɓa samun irinta da kyandir da kofi ba, kuma ƴan matan da suka fi kowa shiru a aji su suka ja ta, don sun san bambancin dafa shayi da dafa wake.

Makarantar horar da malamai ta Kawsen na nan cikin gari, ga Jami'ar Jibo Hamani, ga cibiyoyin koyon sana'a da ake koyar da walda. Ban ga abin da zai hana ɗalibai su auna ragar da ta dace da kwal da wadda ta dace da gawayi ba, su fitar da awon a kan kwali, a kai wa maƙera su riƙa ɗorawa suna yanka. Iyaye kuwa, in za ku sayi murhu, ku kife shi tukuna. Ku sa yatsa a hudar, ku duba ko tafin hannu zai shiga ƙarƙashin ragar a kwashe toka, ku duba ko ƙofar na rufuwa, kuma ku tafi da yaro ya gani.

Na gayyaci tsohon maƙerin ya zo ajina wata mai zuwa. Da farko ya ƙi, ya ce shi bai yi boko ba, me zai gaya wa ƴan lekwal? Na ce masa: "Baba, abin da ka gaya mini za ka gaya musu." Ya yarda, da sharaɗin in biya masa kuɗin kabu-kabu, shi kuma ya zo da guduma da matsoni.