Takardar indijin: an binne cibiyarka a nan, amma wai kai baƙo ne

Jama'a ku matso, yau kan takardar indijin zan yi magana. Wanda zai ji haushi ya ji.

A ƙasar nan sai a haife ka a gari, a haifi babanka a garin, kakanka ma nan kabarinsa yake, amma ka je sakatariyar ƙaramar hukuma a ce maka "koma garinku". Wane garin? Wanda ko hanyar tasharsa ba ka sani ba?

Kuma takardar nan ba ta barin ka ka huta. Jami'ar jiha, kuɗinka ya fi na abokin zamanka. Sikolashif, babu sunanka. Aikin soja ko ɗan sanda, ita za a fara tambaya. Ka yi ƙoƙari ka samu aikin jiha, sai a ba ka kwantiragi ba fansho. Haraji kuwa? Wallahi ban taɓa jin an ce baƙo kada ya biya ba.

Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda asalin mutum. Sashe na 147 kuma ya ce a ɗauko minista daga kowace jiha, kuma dole ya zama ɗan asalinta. Littafi ɗaya fa!

Ku dubi Jos. Hausawa na can tun zamanin haƙar kuza. A 1994 an naɗa Aminu Mato shugaban riƙo na Jos ta Arewa, gari ya kama da wuta. 2001 ma kan naɗin muƙami aka fara. 2008 zaɓen ƙaramar hukuma. Gawarwaki nawa aka kwasa kan tambayar wa ke da gari?

A 2011 gwamnatin Abia ta sallami ma'aikatan da ba 'yan jihar ba, har da Inyamurai 'yan'uwansu na Imo da Anambra.

To kafin ku fara tura wa mutanen Filato zagi, ku tsaya. Sabon Garin Kano ya haura shekara 100. Yaron da aka haifa can, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, mu me muke ce masa in ya zo neman takardar? Laifi tudu ne ai.

Mata kuwa abin ya fi muni. A 2012 sai da aka jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, wai kujerar Abia ce, ita kuma aure ne ya kai ta Abia. Alƙaliya ke nan fa, mai shekaru tana yi wa jihar aiki. Ina ga ɗiyar mai shayi da ta gama sakandare bana?