Mai cewa ka yi fomatin don Audacity ta ƙi haɗuwa bai iya aiki ba

Yau da ɗan zafi na zo, sai haƙuri.

Shekaranjiya wani yaro mai ɗaukar karatun malamai ya shigo shagona da laftof, ransa a ɓace. Ya sauko da lambobin Audacity daga GitHub zai haɗa manhajar da kansa a Ubuntu, sai aiki ya tsaya da kuskure. Wani "injiniya" ya ce masa sistem ne ya lalace, ya goge ya sake sakawa. Ya goge. Tafsirin azumi guda da ya ɗauka ya tafi, ba shi da kwafi. Da ya sake gwadawa kuma, kuskuren nan dai shi ya dawo.

Wallahi wannan ba gyara ba ne, lalaci ne. Mu ma a gyaran waya muna da irinsu: waya ta ƙi caji, maimakon mutum ya sa mita ya duba bakin caji, sai ya yi mata filashin ya cinye hotunan mutane.

Ɗan'uwa, kwamfutar nan ta gaya maka abin da ke damunta, kai ne ba ka karanta ba. Layin ƙarshe da kake ɗauka a hoto kana turawa, wato "make: * Error 2", ba shi ne ciwon ba. Sanarwa ce kawai cewa aiki ya tsaya. Ciwon yana sama, a kuskuren FARKO. In layukan sun yi yawa, yi haka:

make 2>&1 | tee log.txt
grep -n -m1 "error" log.txt

A laftof ɗin yaron nan ga abin da ya fito: "alsa/asoundlib.h: No such file or directory". Ma'ana ana neman wani fayil na ALSA, tsarin sautin Linux, ba a samu ba. Za ka ce ai sauti na fita a laftof ɗin. Eh, amma abin da ke kunna sauti daban, fayilolin da ake gina manhaja da su daban, suna cikin fakiti masu ƙarewa da -dev. Magani layi ɗaya ne:

sudo apt install libasound2-dev

In kuma ka ga "Killed signal terminated program cc1plus", to RAM ce ta cika. Laftof mai 4GB ka ba ta make -j8, me kake jira? Koma make -j1, ko ka ƙara swap, ka sha shayi kafin ta gama.

Abu ɗaya tak na yarda ka goge: foldar build, don CMake na riƙe tsohon saiti. Goge ta, sake cmake, shi ke nan.

Na san wani zai ce me ya kai ka wahala, ga sudo apt install audacity? Gaskiyarsa, in amfani kawai kake so, yi hakan ka huta. Amma in ka zaɓi haɗawa da hannunka, to karatun kuskure shi ne aikin.

Kai kuma mai ba da shawara, in ba ka ga kuskuren farko da idonka ba, don Allah ka yi shiru. Audacity ɗin yaron ta haɗu kafin la'asar, amma tafsirin nan har yanzu muna ƙoƙarin ceto abin da ya saura.