Laifin Waya Ne Ko Na Mai Wasa?

A hutun da ya wuce, a gidanmu na Unguwar Rimi, ƙanena ya buga wayar Yaya da ƙasa, wai kartar Whot ta ciki ta lalace, tana cutarsa. Ba caca ba ce, iyaye su kwantar da hankalinsu. Kasuwa ta ƙare, yana riƙe da tauraro 8, na'ura da 12, aka ce an cinye shi. To, a dokar wasan tauraro ninki biyu ake ƙirga shi, ya zama 16 ke nan. Mu ne ba ma bin wannan a ƙofar gida. A ganina, 'yan'uwa, mu karanta doka kafin mu zargi na'ura. Kuɗin gyara dai Baba daga guzirinsa na makaranta ya cire.