Shekarun Jaki da Tafiyar Hankaka

Takarda ta zo mini daga wani malamin makaranta na Turba, ta ƙasar Isa. Bayan gaisuwa ya ce ran nan yana karanta wa yara wani littafin Turanci, sai suka iske inda wani mutum ya ce wa abokinsa rabonsa da shi tun "donkey's years", watau shekarun jaki. Yara suka tambaye shi shekara nawa ke nan. Ya duba ƙamus bai ga adadi ba, ya kuwa ji nauyin ya ce bai sani ba, sai ya ce musu shekara ashirin, gama a kintacensa kwanan jaki a duniya ke nan. Yanzu abin ya tsaya masa a rai, yana so a warware masa.

To, Malam, madalla da wannan tambaya. Gobe da safe sai ka koma ka karɓe ashirin ɗin nan daga wurin yara, domin babu adadi cikin maganar ko kaɗan. Abin da masana harshensu suka fi rinjayarwa shi ne wasa ne da lafazi. Kalmarsu ta shekaru da kalmarsu ta kunnuwa sun yi kusa ƙwarai a bakin mai faɗi, kunnen jaki kuwa kowa ya san tsawonsa. Nufin mai maganar dai an daɗe. Haka kuma in ka ji sun ce "a month of Sundays", wata guda wanda dukan kwanakinsa Lahadi ne. Mai son lissafi ya iya cewa Lahadi talatin wajen wata bakwai ke nan, amma ba wanda ya taɓa nufin wata bakwai da ita. Sai dai ka lura da "fortnight", ita kam ƙidaya ce sosai, dare 14 ba ƙari ba ragi, irin yadda mu ma mukan ƙidaya da kwana.

Kada wani ya ce wannan wauta ce ta Turawa, gama mu ma ga namu. In ka gamu da wanda rabonka da shi shekara uku, me za ka ce masa in ba "Kwana biyu!" ba? Bature yakan kai abu bango don ya nuna daɗewa, Bahaushe kuwa sau da yawa ragewa yake yi, ya bar mai ji ya cika. Nan ne tafinta yakan faɗi. Na taɓa zama a wani zauren shari'a inda ake rubuta magana da Turanci, ana ƙarar gona. Aka tambayi wani dattijo tun yaushe yake noman wurin, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na kwana biyu a kansa." Yaron da ke fassara ya mayar da ita kwana ɗaya da ɗaya, mai rubutu ya rubuta. Ba don wani da ke zaune ya yi gyaran murya an sake tambaya ba, da shekarun da tsohon nan ya yi yana kai taki sun tafi a bakin alƙalami. Yaron ba mugu ba ne, ya kuwa ci jarrabawarsa ta Turanci. Kalmomi ya sani, nufi ne ya kuɓuce masa.

Amma akwai wata magana tasu wadda ta fi waɗannan haɗari, domin tana da fuska biyu, ita ce "time immemorial". A bakin jama'a daidai take da tamu ta "tun kaka da kakanni". A shari'ar Ingila kuwa an yanka mata shekara. Wata doka da aka yi a 1275 ta sa iyakar tunanin shari'a a shekarar 1189, shekarar da Sarki Richard na Ɗaya ya hau gadon sarauta. Abin da aka tabbatar yana gudana tun kafin wannan shekara, shi ne na tun fil azal a wurinsu. Daga baya da abin ya yi wa mutane wuya, aka sassauta da wata doka a 1832. To, ku auna da namu. In Bagobiri ya ce abu tun zamanin Bawa yake, ya kai ƙarshen daɗewa ke nan a zancensa, alhali kuwa Bawa Jan Gwarzo a ƙarshen ƙarni na 18 ya yi sarauta a Alkalawa, birnin kuwa aka ci shi a 1808. Saboda haka akawun da ya ɗauki "tun zamanin Bawa" ya sa wannan kalma ta Turanci a madadinta ya yi daidai in hira ake yi, in kuwa takardar shari'a ce gara ya rubuta abin da mutumin ya faɗa da bakinsa, ya bar wa alƙali auno.

Bari mu koma wajen nisa. Abin da zai ba masu karatu dariya shi ne, in mutumin Ingila yana son ya ambaci wurin da ya fi ko'ina nisa, sai ya ce Tambutu. Har akwai waɗanda ke tsammani ba wani gari mai wannan suna, ƙage ne kurum. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Laing ya isa can a 1826 bai koma gida ba, kashe shi aka yi a hanya. Sai a 1828 wani Bafaranshe, Caillié, ya shiga ya fito da ransa. Mu kuwa Tambutu garin malamai ne da littattafai, fatake suna zuwa suna dawowa. Namu bangon duniya Birnin Sin ne, inda yau 'yan kasuwarmu ke zuwa sayen kaya su komo ba a ko san sun yi tafiya ba.

Maganar da na fi so malamin Turba ya tsaya a kanta tare da yaransa ita ce "as the crow flies", watau nisa a miƙe kamar yadda hankaka ke tashi, ba ruwansa da gulbi ko dutse ko daji. Wannan ba zuguguwa ba ce, awo ne na mai taswira, ƙasar Gobir kuwa ta ɗanɗana shi. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a birnin Paris suka raba ƙasashen nan. A wajenmu sai suka kafa tsinin abin zana da'ira a kan Sakkwato, suka buɗa shi mil 100, suka ja baka ta arewa, suka ce iyaka ke nan. A takarda abin ya yi kyau. Da Faransawa suka zo bin rabonsu daga Kwara zuwa Damagaram, sai suka tarar an bar musu wajen da rijiyoyi suka yi ƙaranci, ayari ba ya iya ratsawa da rani. Hankaka ba ya neman guga, amma raƙumi da mai jansa suna nema. Suka yi ta kuka har aka sake shiri a 1904, aka ƙara gyarawa a 1906, aka turo iyaka kudu. Ƙonni da Maraɗi da Tsibiri suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna wajen Ingila. Ga Gobirawa gida ɗaya, gulbi ɗaya ya ratsa su, amma yau wanda zai je gaisuwar mutuwa Tsibiri daga Sabon Birni ƙasar waje za shi.

Kakanninmu da zango suke auna hanya, zango kuwa inda ruwa yake nan yake. Shi ya sa dajin Gundumi, wanda ba wani abin faɗi ba ne a taswira, ya zama abin tsoro ga matafiya. Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Wurno, suka yi yini da kwana suna tafiya ba su yada zango ba, don ƙishirwa da tsoron hari. A shekarun nan ma da 'yan bindiga suka hana mutane bin hanyar Gundumi, mil bai ƙaru ko ɗaya ba tsakanin Isa da Sakkwato, amma ku tambayi direban da ya zagaya ko tafiyar ɗaya ce.

Ko mil ɗin kansa ba ɗaya ba ne. Asalin kalmar daga Rumawa take, ma'anarta taki dubu na sojansu. Ingila ta tsai da nata a 1593, yadi 1,760, watau kilomita ɗaya da kashi shida cikin goma da ɗan ɗoriya. Malamanmu kuwa sun san wani mil tun kafin zuwan Turawa, wanda ke cikin littattafan fiƙihu, inda aka ce nisan da ke halatta ƙasaru baridi huɗu ne, mil 48. Wannan mil na Larabawa ne, ba na kan dutsen bakin hanya ba, kada ɗalibi ya haɗa su.

Malamin ya kuma tambayi ma'anar "a stone's throw". Wannan mai sauƙi ce, nisan jifa, watau kusa ƙwarai. Sai dai ya riƙe ta kamar yadda yake riƙe maganar mutumin ƙauye in ya miƙa leɓe ya ce, "Ai nan ne, ga shi can." In hantsi ya yi, to, ya ɗauki gorar ruwa. Sauran tambayoyinsa biyu, na kan sunayen watanni, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.