Lantarkin da Ke Kwance a Karar Mai'aduwa

Ina da ja da duk mai cewa wutar lantarki sai ta zo wa Daura daga nesa. A karar Mai'aduwa, inda shanu ke kwararowa daga Nijar, da turakun masu kiwo a Zango da Baure da Sandamu, kashin dabbobi na tsibi yana bushewa a rana, alhali mai walda ya naɗe hannu yana jiran wutar KEDCO.

Aikin ba tsafi ba ne. A dama kashi da ruwa, a zuba a rami mai rufi wanda iska ba ta shiga. Ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da shi cikin 'yan makonni, ya fitar da gas mai kama wuta, gas ɗin ya juya janareta. Waɗannan ƙwayoyi ɗumi suke so, abin da Bajamushe ke kashe kuɗi ya samar a dubban tashoshinsa, mu kuwa rana ta ba mu kyauta. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana gwada wannan fasaha.

Manomi zai ce, to gonata fa, da me zan yi mata taki? Tambayarsa tana kan hanya, domin ƙasar Daura jigawa ce, ba ta yi sai da taki. Sai dai ramin gas kawai yake cirewa; abin da ya rage taki ne ruɓaɓɓe, wanda shuka ta fi saurin sha. Matsalar gaske ita ce ruwa, da kuma garken da ke yawo yana watsa kashinsa a daji. Shi ya sa ban ce a haƙa rami a kowane gida ba. A fara da kara da kwata, inda kashi ke taruwa da kansa.

Masu mulki kuwa sun fi son aikin da ake hangowa daga titi. Fankokin Lambar Rimi, masu megawat 10, sun shafe sama da shekara goma ana jiran kammala su. Ramin kashi ba ya kyau a hoto, na sani. Amma tun 2023 doka ta ba jihohi ikon tsara harkar lantarkinsu, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a cikin Daura. Me ya hana gwamnatin Katsina ta ɗora wa ɗalibanta gina rami na farko a Mai'aduwa?