Gajiyar taya a hanyar Sabha zuwa Agadas

Mu mazauna unguwar Sukra a birnin Sabha, da wuya a sami gidan da bai taɓa sallamar matafiyi zuwa Nijar ba. Hanyar sananniya ce: Gatrun, Tummo, Madama, Dirku, sai Agadas. Mukan tanadi ruwa da dabino, mu tambayi halin direba, amma ba kasafai muke sunkuyawa mu dubi tayoyin da za su ɗauki iyalanmu ba. In ma mun duba, zanen taya kaɗai muke gani. To, taya tana iya mutuwa da zanenta cif.

Injiniyoyi na kiran wannan abu gajiyar roba. Duk juyin da taya ta yi, sai gefenta ya lanƙwashe ƙarƙashin kaya sannan ya miƙe. Tayar Hilux tana juyi kimanin sau 400 a kilomita ɗaya, wato lanƙwasa 400,000 a tafiyar kilomita 1000. Kowace roba kuwa tana da ƙananan aibobi da ido ba ya gani. Daga nan tsaga take farawa, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan har ranar da za ta ɓalle gaba ɗaya.

A ɗakin gwaji akan ɗaure guntun roba a na'ura ta yi ta ja tana saki, ana ƙirgawa har ya tsinke. Wani lokaci akan ɗan tsaga shi da reza da gangan, a auna yadda tsagar ke tsawo. A 1953 masana biyu a Ingila, Rivlin da Thomas, suka nuna yadda ake lissafa ƙarfin da ke yaga roba. A 1965 Lake da Lindley suka gano cewa akwai iyakar da in ja bai kai ta ba, tsagar ba ta ci gaba sai ta hanyar iskar ozon. Wannan ne dalilin da ya sa tayar da aka ajiye bisa rufin gida take tsattsagewa alhali ba ta taka ƙasa ba.

Abin da ya fi shafarmu shi ne zafi. Don hasashen shekarun roba, akan gasa ta cikin murhun gwaji, kuma ƙa'idar da ake bi a taƙaice ita ce: ƙarin digiri 10 na kusan ninka saurin tsufanta. A Sabha bazara tana wuce digiri 40. Ƙari kan haka, direbobinmu na rage iska don ƙetare rairayi, wanda dabara ce mai kyau, sai dai wasu kan hau kwalta ba su mayar da iskar ba, ga lodi ya yi yawa. Lanƙwasa ta ƙaru, zafi ya taru cikin tayar. A Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, kuma yawancin haɗurran a jihohi masu zafi suka auku. Can akwai motar agaji kusa. Tsakanin Madama da Dirku fa?

Mu a ganinmu tayar gwanjo da ta gama aiki a Turai ba araha ba ce ga wannan hanya. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a kai taya wurin gwani kowace shekara in ta kai shekara 5 tana aiki, a kuma ajiye ta in ta cika 10, har da safaya.

Sanin shekarunta ba shi da wuya. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ƙarshensa lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga lambar, don haka sai an leƙa ta ciki. In lamba uku aka gani, an ƙera tayar kafin 2000.