Takin gona da jatan landen Luwisiyana

Duk shekara kogin Misisipi yana kwaso rarar takin zamani daga gonakin masarar Amurka, ya juye a Tekun Meziko, daura da gaɓar Luwisiyana. Takin ya sa gansakuka ta yi yawa, ta ruɓe, ta shanye iskar ƙasan ruwa. A 2017 wurin da abin ya shafa ya haura murabba'in kilomita 22,000. Jatan lande ba ya girma sosai a irin wannan ruwa: masunci ya ɗago koma, ƙanana birjik, manya sun yi tsada. Manoma za su ce in ba taki ba abinci, kuma gaskiyarsu ne. Amma takin da ya bi kogi ai masara ba ta ci shi ba. A ganina, in aka zuba shi daidai kima, kan lokaci, manomin ma zai fara amfana.